Shanyar Kwakwa a Gawon Nama

Shekarar 1977 anka ɗauke ni taifis, mai buga takardu, a wani kamfani da ke Gawon Nama, gwajin wata uku. In Alhaji Mamman, mai kamfanin, ya gamsu, in samu takardar zama ma'aikaciyar dindindin. In bai gamsu ba, in koma gida Ƙofar Dundaye in ci gaba da tsinkar zogale.

Lokacin kwangila ko'ina. Alhaji ya samo ta fitar da ɗanyar kwakwa zuwa Turai. Ko itace guda na kwakwa babu Sakkwato, amma nan anka gina ɗakin sanyin, don nan mai kwangila yake. Za a kawo ta daga kudu, ta huta wurinmu, ta koma Ikko ta hau jirgi.

Ran da mota ta zo, direba ya miƙo wata takarda da Turanci. Anka ba ni, ni mai sakandare. Ta ce a wanke kwakwar, a fere ɓawon, a naɗe kowace cikin leda, a sa ɗakin sanyi. Ruwan cikinta ake saye, rana kuwa kashe shi take.

Na iske Baba Maigandi, mai kula da sito, yana kaɗa guda kusa da kunnenshi.

"Baba, takarda ta ce sanyi take so."

"Ɗiyata, ji nan. Ruwa cike da cikinta. Shekara talatin ina ajiyar albasa, ban taɓa rufe abu da ruwa a jikinshi ba. Mai takardar nan ya taɓa ganin rumbu?"

Na tafi wurin Alhaji. Yana cikin ɗakin sanyin, ya sa an kai mishi kujera da kwalaben lemo, shi da abokai. Na faɗa mishi abin da takarda ta ce.

"Sakinatu, ke taifis ko malamar gona?" in ji shi. Abokan sunka yi dariya. Na duba ƙasa, na fito.

Baba ya shimfiɗa kwakwa bisa tabarmi tsakar fili. Safe da marece yana juya ta, da kulawa ƙwarai, ba ya bari kowa ya taka. Kwana tara. Koren ya koma ruwan ƙasa, wasu sunka tsage, ƙudaje sunka samu unguwa. Ni dai ta taga nike kallo.

Rana ta goma wani Manjon soja ya zo dubawa daga gwamnati. Ya yaba ɗakin sanyi, ya ce ko Kaduna babu irinshi. Sannan ya ce a fasa mishi guda ya sha.

Baba ya zaɓo wadda ta fi bushewa, yana alfahari. Manjo ya kurɓa, ya tofar bisa takalmin Alhaji.

"Ba su aiko da bayani ba?"

"Sun aiko, yallaɓai," in ji Alhaji. "Yarinyar ga ta karanta."

Duk sunka juyo. Saura kwana shida gwajina ya cika. In na ce na faɗa musu, na kunyata Alhaji gaban soja. In na ce ban faɗa ba, laifin ya zama nawa. Ko wace hanya, gida za ni.

"Yallaɓai," na ce, "na karanta ta sau uku. Babu inda ta ambaci Sakkwato."

Manjo ya karɓi takardar, ya juya gaba da baya.

"Gaskiya ne. Turawan nan sai su rubuta abu kamar ƙasar kowa irin tasu ce." Ya ce a kafa kwamiti, a kuma aiko mota biyu a sake gwadawa.

Ran Litinin Alhaji ya kira ni ofis, ya ce in zauna in buga takardar zama.

"Ta wa, Alhaji?"

"Taki. Ki sa sakatariyar kwamiti a ƙasan sunan, kuma kada ki ɓata mini takardar kabon."