Ranar da Yunaisy Ta Share Faranti

Shekara ashirin da biyu Odalys tana girki a wani gidan abinci a garin Camagüey. Mutane har layi suke yi saboda baƙin wakenta, amma 'yar da ta haifa ba ta ci. 'Yar tata, Yunaisy, 'yar rawar bale ce, masu tsayuwa a kan yatsun ƙafa, kuma duk Litinin sai malamarsu ta ɗora su a sikeli kamar buhun shinkafa, don ba a son mai rawa ta ƙara nauyi. Tun tana shekara tara take ture faranti.

Abin yana ci wa Odalys rai, ba ta ɓoyewa. Ta ciyar da gari, tata tilo kuwa ƙashi da rai. Kyandir nawa ta kunna a coci, roƙonta ɗaya: Allah ya nuna mata ranar da yarinyar nan za ta ci ta ƙoshi.

Ranar Juma'ar nan ake liƙa sunayen waɗanda babbar ƙungiyar rawa za ta ɗauka. Huɗu cikin goma sha tara, wadda ba ta samu ba kuwa shi ke nan, shekarunta sun wuce. Odalys ta dawo gida da wuri. Zama ya gagare ta, ta sake goge falon da ta riga ta goge, sannan ta ɗora tukunya.

Da yamma Yunaisy ta shigo. Ta rataye takalman rawa a ƙusarsu, ta wanke hannu, ta zauna a tebur.

"To, yaya?" in ji uwar.

"Me kika dafa? Ƙamshi har bakin titi."

"Wake da shinkafa, sai rogo da tafarnuwa. Bari in yanka miki tumatirinki."

"Bar tumatir. Zuba min."

Odalys ta zuba cokali biyu, kamar kullum.

"Haba Mama, kaza za ki ba wa? Cika."

Ta cika. Tana tsaye da ludayi a hannu yarinyar ta cinye, ta ƙara, ta sa burodi ta share romon. Hawaye na ɗiga cikin farantin, ba ta daina tauna ba.

"Ashe haka abincinki yake da daɗi," in ji Yunaisy.

Odalys ta juya ta fuskanci murhu. Shekara goma sha ɗaya tana roƙon wannan rana, ga ta ta zo, kuma da ana mayarwa, wallahi da ta mayar.