Rantsuwar Baba Abdul-Majeed

Duk unguwar Nima babu wanda bai ji daga bakin Baba Abdul-Majeed ba cewa lori ta taɓa bi ta kansa a shataletalen Circle, ya tashi ya kakkaɓe riga. Bai yi boko ba, bai taɓa kwana a asibiti ba, kuma a cewarsa ciwo tsoron gidansa yake.

Sai ga ɗansa Fatawu, ɗan dako a tasha, hanji ya murɗe masa. Aka yi masa aiki, aka kwantar da shi a ɗakin masu tsananin jinya, bututu a maƙogwaro, inji na yi masa numfashi. Nas Lamisi, mai jin Hausa, ta fito ta ce za su riƙe shi da maganin barci har ciki ya lafa. Ta tambaya ko yana shan wani abu, giya ko ƙwaya, don su san awon da za su ba shi.

Baba ya sani sarai. Ya sha tsintar fankon ƙwayar tiramol a aljihun yaron, irin wadda 'yan dako ke haɗiya don su iya ɗaukar buhu. Amma ga surukin Fatawu a tsaye, ladanin wani masallaci a unguwar Maamobi, da carbi a hannu. A zango ba a tona wa ɗa asiri a gaban surukinsa. Baba ya bugi ƙirji ya ce ɗan da ya haifa ko goro ba ya ci, ya haɗa da rantsuwa.

Maganin bai riƙe Fatawu ba, don jikin ya saba da abin da ya fi shi. Da hantsi ya farka a firgice, ya fizge bututun. Kafin a mayar, numfashi ya daɗe a yanke, ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Sai a lokacin Baba ya ja Lamisi gefe ya faɗa mata gaskiya, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ni na tambaye ka," ta ce. "Ladan ne zai yi masa allura?"

Fatawu ya rayu. Yana wuni a ƙofar gida, wani lokaci ya gane matarsa Wadia, wani lokaci ya bi ta da ido kawai. Baba ne ke ba shi koko da cokali kowace safiya, yana share masa baki da gefen riga. Har yau bai gaya wa Wadia ba. In ta durƙusa tana masa godiya, sai ya kau da kai ya ce kokon ya huce, ta je ta ɗumama.