Hoto Na Tara

A falon Teta, kakar Lamis, saman talabijin, akwai wani hoto da ba shi da ƙafafu. Daga jarida aka yanko shi: saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, da rigar ƙwallo mai ratsi, farin tawul a wuya, bindiga a kafaɗa, yana murmushi a ƙofar wani gidan burodi. Daidai gwiwa almakashi ya bi ta kansa. Lamis ta tashi tana ganin hoton nan kamar yadda take ganin talabijin ɗin. Babanta ne, Adib, a zamanin yaƙin basasa, kuma wane gida ne a Bairut ba shi da irinsa, in ba a bango ba to a ƙarƙashin katifa? Sau ɗaya ta taɓa tambayar kakar tata ina sauran hoton. Teta ta ce firam ɗin ne ya yi ƙanƙanta.

Ran Litinin da yamma saƙon Dakta Hiyam ya shigo wayar Lamis, tana zaune a bayan tasin babanta suna cikin cunkoso.

Dakta Hiyam ce ke koya musu darasin hotunan yaƙi a shekarar ƙarshe ta sashen aikin jarida. Shekara goma sha takwas ta yi tana koyarwa a Kanada, ta dawo da wata ɗabi'a da ɗalibai suka mayar abin dariya: ba ta nuna hoto mai tayar da hankali sai ta yi gargaɗi, a rubuce, kwana uku kafin darasi. Wai rigakafi ya fi magani. Ba ta yin aiki rabi da rabi, Allah ya sani. Kowane hoto sai ta zayyana abin da ke cikinsa, don kada kowa ya ce an shammace shi.

Lamis ta riƙa karantawa tana hamma, har ta zo kan layi na tara.

"Hoto na tara. Ƙauyen Ain Barkuk, bazarar 1983. Saurayi da rigar ƙwallo mai ratsi, farin tawul a wuya, bindiga a kafaɗa, a ƙofar gidan burodi. A gabansa gawa uku a ƙasa: mata biyu da yaro ƙarami. Duk wanda ba zai iya kallo ba yana da damar fita daga aji, ba tare da ya yi bayani ba."

Ta sake karantawa. Sai ta kife wayar a cinyarta, ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. Gargaɗin da aka yi don a kāre ta shi ne ya nuna mata abin da almakashin Teta ya ɓoye shekara talatin da wani abu.

A gaban mota Wisam da babanta suna ta musun ƙwallo.

"Ammo, mai tsaron gidan nan naku ko kaza aka jefo masa ba zai kama ba!"

"Rufe mana baki. Ku da rabonku da kofi tun kana shan nono?"

Wisam abokinta ne tun shekarar farko, unguwarsu na gaba da tasu kaɗan. Shekara uku ke nan yana shiga gaban tsohuwar Marsandin nan safe da yamma, yana kiran Adib da Ammo kamar ƙanin ubansa ne. Kuma ɗan Ain Barkuk ne. Bai taɓa kwana a can ba, tun da iyayensa suka gudo ba su koma ba, amma kowa ya tambaye shi garinsu sai ya faɗi sunan da ƙarfi, ya tsaya yana kallon fuskar mai tambaya.

Adib kuwa shi kaɗai ne direban tasi a duk Bairut da ba ya tambayar fasinja ɗan wane gari ne. Ranar farko Wisam da kansa ya faɗa. Lamis ta tuna yanzu: babanta ya ce, "Gari mai ruwa mai daɗi," ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo. Washegari ya ce yaron nan ba zai sake hawa bas ba muddin motarsa na tafiya. A lokacin ta ɗauka kirkinsa ne kawai.

Ran Talata ta je ofishin Dakta Hiyam. Ta same ta da kofin gahawa da ya huce, tana jera hotunan a kwamfuta.

"Dakta, ko za a iya tsallake hoto na tara?"

"Me ya sa na tara? Na huɗu ya fi shi muni."

Lamis ta kau da ido daga kwamfutar.

"Ba sai kin gaya mini ba," in ji Dakta cikin taushi. "Shi ya sa na rubuta: ƙofa a buɗe take. Ki tashi ki fita, ki sha iska, ki dawo. Ba wanda zai tambaye ki."

"Dakta, mu ashirin da shida ne a ajin nan. Kowa ya san sunan uban kowa, ya san garinsu. In na tashi a kan hoton Ain Barkuk, kafin in kai bakin ƙofa an gama lissafi. Ko dai namu aka kashe, ko mu muka yi kisan. Kuma kowa ya san mu ba 'yan can ba ne."

"To kada ki zo ranar."

"Sai a ce, wa ya ƙi zuwa ranar Ain Barkuk?"

Dakta Hiyam ta cire tabarau ta murza ido. Mace ce mai kirki, amma kowa ya bar gida gida ya bar shi. A can inda ta koyar, in ɗalibi ya fita daga aji, fita kawai ya yi.

"Ba zan iya cire shi ba, Lamis. Akwai wanda ya zo nan yau da safe ya roƙe ni in nuna shi, har yana faɗa wai gargaɗin ma rainin hankali ne. Ya ce kakarsa ba wanda ya yi mata gargaɗi. Shi ma yana da hakki."

Lamis ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta yi godiya ta fita.

Ran Laraba ta je gidan Teta da niyyar yin magana. Tsohuwar tana naɗe ganyen inabi da shinkafa, ta tura mata tire ta ce ta sa hannu. Lamis ta naɗa goma sha biyu, duk sun fashe. Ta dubi hoton saman talabijin, ta dubi kakarta, ta tarar ita ma kakar ita take kallo.

"Kin cika shinkafa," in ji Teta. "Abu in ya yi yawa a ciki, ganye ba ya rufe shi."

Iyakar maganar da aka yi ke nan.

Ran Alhamis aka tashi da ruwan sama. Aka ja labulen aji, aka kunna majigi. Dakta Hiyam ta tsaya ta sake karanta gargaɗinta daga farko har ƙarshe, kamar mai karanta sanarwar rasuwa.

"Dakta, Allah ya bar mana ke," in ji wata daga baya, "abin da muka gani a labarai da safe kafin mu karya ya fi wannan."

Aka yi dariya. Ana kan hoto na biyu wani mai suna Ramzi ya miƙe. Kawuna ashirin da biyar suka juya gaba ɗaya. Ya tsaya cak a tsakanin kujeru.

"Wallahi fitsari ne! Gahawa uku na sha!"

"Ku ba a wannan unguwar kuke ba da can?" wani ya jefo, yana nuna hoton.

"Kai, ni ubana likitan haƙori ne, a Faransa ya yi yaƙinsa!"

Ya koma ya zauna, ya matse ƙafafu. Aka sake dariya, amma gajeriya. Daga nan ba wanda ya ko gyara zama. Dakta Hiyam ta dubi Lamis sau ɗaya, ta kau da kai.

Wisam na kusa da Lamis, ya sa gwiwar hannu a tebur. Na biyar ya wuce, na shida, na bakwai. Dakta na bayani a kan inda mai hoto ya tsaya, da abin da ya zaɓa ya bari a waje. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnen Lamis ba.

Ana kan na takwas aka ɗauke wuta.

"Gwamnati ma ta yi nata gargaɗin!" in ji Ramzi, aka ji ƙarar kujera da gudun takalmi, ya samu ya tsere banɗaki.

Duhu ya rufe ajin. Kowa ya san janareton jami'a sai ya yi minti guda kafin ya tashi. Ƙofa na nan taku shida daga kujerar Lamis, Ramzi ya bar ta a buɗe. In ta fita yanzu sai a ce duhu ne ya rutsa da ita, ko ta bi waya. Ta ɗauki jakarta ta ɗora a cinya. Ta tuna gobe ma babanta zai kawo ta, da jibi, zai miƙo mata burodi mai yajin za'atar ta tsakanin kujeru kamar kullum, ita kuma ba za ta san inda ƙafafunsa suka tsaya ba. Ta mayar da jakar ƙasa.

Wuta ta dawo. Dakta ta danna.

Ba irin na jarida ba ne, wannan tas yake, ya cika bango. Murmushin nan da ta sani tun tana rarrafe. Tabon da ya raba girarsa ta hagu biyu, wanda Teta ke cewa daga itacen ɓaure ya faɗo. Sannan ƙafafun: takalman roba na 'yan ƙwallo, ɗaya ya taka gefen zanen wata mata. Burodi ya warwatse a ƙasa. Yaron yana kife, da silifa ɗaya.

Lamis ba ta yi kuka ba. Ta kalla har ƙasa, ta kalli kowane lungu, tana jin kamar ana zare mata wani abu daga ƙirji a hankali.

"Ta hannun dama ƙanwar kakata ce," in ji Wisam. Muryarsa ba ta rawa. "Sunanta Zahiyya. Burodi ta je saya. Yaron ɗanta ne."

Sai ya juya wajen Dakta.

"Dakta, a ɗan ƙara girman fuskarsa."

"Wisam, darasinmu ba a kan…"

"Don Allah."

Ta ƙara. Fuskar ta cika bango, girar ta kai tsawon hannu. Wisam ya daɗe yana kallo. Adib na yau ya yi tumbi, gashin kansa ya zube, gashin bakinsa ya yi fari. Wa zai haɗa shi da wannan siririn yaro? Amma Lamis ta ga yatsun Wisam sun daina wasa da biro.

"Na gode," ya ce. "A wuce."

Da aka tashi, Dakta Hiyam ta tare Lamis a bakin ƙofa. "Kin yi ƙoƙari. Na ji daɗi ba wanda ya fita, ban da mai gahawa." Ta yi ɗan murmushi, sai kuma ta ga fuskar Lamis, murmushin ya tsaya a hanya.

Marsandin na bakin ƙofar jami'a inda ta saba tsayawa, ruwa na zuba a kanta. Suka rugo a guje. Lamis ta kama ƙofar baya, sai Wisam ya riga ta.

"Yau shiga gaba wajen babanki. Ni zan zauna a baya."

Shekara uku yana zama a hannun daman Adib, inda rabin fuska kawai ake gani. Mai zama a baya kuwa, madubi na ba shi idanun direba biyu da girarsa. Lamis ta shiga gaba ta rufe ƙofa.

"Yau kuma an yi juyin mulki?" in ji Adib yana dariya. Ya miƙa wa kowannensu burodi mai za'atar a takarda, da ɗuminsa. "To 'yan boko, me aka karanta?"

"Hotuna muka kalla, Ammo. Amma sai da aka yi mana gargaɗi tukuna."

"Gargaɗin me?"

"Wai wanda ba zai iya kallo ba ya fita."

"Ikon Allah! Karatun zamani. To wa ya fita?"

"Babu," in ji Wisam. Bai buɗe takardar burodinsa ba. "Garinmu aka nuna."

Robobin goge gilashin mota suka kai suka komo. Adib ya saki giyar mota, ya miƙa hannu wajen rediyo.

Lamis ta riga shi. Ta ɗora tafinta a kan maɓallin, ta bar shi a nan. Hannun babanta ya tsaya a iska, kusa da nata har tana jin ɗuminsa. A bayansu wata bas ta fara danna musu hon.

Adib ya janye hannun a hankali ya mayar kan sitiyari. Sannan ya ɗaga ido ya dubi madubi.