Lambar Inna Daban

Norlida ta matse yatsan Inna har ɗigon jini ya fito, ta kai shi bakin tsinken gwaji, ta zuba wa 'yar na'urar auna suga ido. Huɗu da ɗigo ɗaya. Tun kafin ta ba tsohuwar audugar goge hannu ta ɗauki hoton lambar da wayarta, ta tura zauren dangi na waya, ta rubuta a ƙasa: "Ga yadda ake riƙon tsoho."

Kowa a zauren ya san da wa ake. Da Zaiton ake, matar ƙaninta Rosdi, wadda Inna ta zauna a hannunta can Pasir Mas tun rasuwar Baba. Ranar ƙaramar Sallah Norlida ta je yawon Sallah da na'urarta a jaka, ta gwada Inna, ta ga tara. A gaban baƙi ta yi tsalle ta dire, ta ce ba za ta zuba ido ana kashe mata uwa da cokali ba. Kafin la'asar ta loda tsohuwar a mota sai gidanta a Kota Bharu. Tun daga ranar ita da Zaiton ba sa ga maciji.

A yi wa Norlida adalci, ba mugunta ba ce. Malamar lissafi ce a sakandare, ita ma ta daɗe da ciwon suga, kuma ta riƙe shi yadda take riƙon aji, babu mai motsi. Duk gwajin wata uku likitanta sai ya yaba mata, domin ba ta yarda ta haura shida da rabi. Ita ta yi jinyar Baba lokacin da aka fara yanke masa yatsa, aka koma ƙafa, daga nan aka kai shi makwanci. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Sai dai Norlida ba gudu kawai take yi ba, jan kowa take yi ya gudu tare da ita.

Inna kuwa, wadda kasuwa ta sani da Mek Som, ta haura tamanin. Rabin rayuwarta akok ta soya ta sayar, wainar nan ta ƙwai da madarar kwakwa da sukarin giginya, da kuɗinta ma Norlida ta yi karatu. A gidan 'yarta yanzu ko ƙwayar sukari babu. Shinkafa da ƙaramin kofi ake auna mata, shayi baƙi ƙirin babu madara. Ranar da lamba ta kai bakwai, Norlida kan ɓalla rabin ƙwayar maganinta ta ƙara mata a kan nata. A lissafinta ciwo ɗaya ne, jini ɗaya ne, abin da ya yi wa 'ya zai yi wa uwa.

Yau ma ta ba ta maganin safe, ta ajiye mata dafaffen ganye da ɗan kifi. Inna ta tsattsakura, ta ce sanyi take ji, ta koma ɗaki ta kwanta.

Da hantsi motar Rosdi ta tsaya a ƙofa, Juma'a ce, babu aiki. Norlida ta leƙa ta taga ta ga abin da ta yi tsammani: Zaiton da kwalin akok a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ledar shayi mai madara tana lilo, har da tsinken zuƙa. Ta tare su a bakin ƙofa tun ba su gama cire takalma ba. Ta amsa sallamar a daƙile, ta zare kwalin da ledar, ta fita ta rataye su a ƙarfen get kamar shara mai jiran motar ɗiba.

"Yaya, Inna fa muka kawo wa, ba ke ba," in ji Zaiton.

"Cokali bai ishe ki ba, shi ne kika biyo ta da leda?"

"Wadda nake kashewa da cokali da ƙafarta take zuwa masallaci. Taki da kika raya, tana ina?"

Rosdi ya shiga tsakani, amma ba sulhu ya kawo shi ba. Mutum ne mai sanyin magana, direban motar kifi, wanda tun suna yara Norlida ke yi masa aikin gida tana ranƙwashinsa. Yau kam ya shafa wa idonsa toka. Ya ce jiya ya kira Inna a waya ya ji muryarta kamar daga rijiya, don haka ya zo ne ya mayar da ita gida. Norlida ta ce gidan wa? Ta ce shi da ko lambar takalminsa bai riƙe ba, shi ne zai koya mata lambar suga? Ta ɗago waya tana nuna masa hotuna ɗaya bayan ɗaya, huɗu, biyar, huɗu, ta ce ya nuna mata rana guda da Inna ta samu irin wannan a hannun matarsa. In dai tana raye, Inna ba za ta sake kwana a Pasir Mas ba.

Zaiton ta bar su suna yi, ta kutsa ɗakin Inna. Ba ta daɗe ba ta kira mijinta, da wata murya da ta sa Norlida ta riga shi shiga.

Inna na zaune a gefen gado, rigarta ta jiƙe sharkaf da gumi, hannuwanta na rawa a kan cinya. Ta dubi Rosdi ta kira shi da sunan Baba, ta ce ya rage wa murhu wuta, akok zai ƙone. Bakinta na nauyi, kanta na rinjaya gefe. Norlida ta ce shanyewar jiki ce. Da kyar ta iya saita tsinken gwajin. Biyu da ɗigo uku.

Ta san ma'anar wannan, a asibiti an sha gaya mata: a ba mutum abu mai zaƙi nan take, muddin yana iya haɗiya. Ta ruga kicin ta buɗe kabad, ta buɗe na biyu, ta buɗe firji. Ganye, kifi, kokwamba, garin alkama. Da hannunta ta share gidan daga duk wani zaƙi, kuma ta share shi da kyau, domin ba ta aikin ha'inci.

"A get yake, Yaya," in ji Zaiton daga ɗaki. "Inda kika rataye shi."

Babu takalmi ta fita. Ta ciro ledar shayin, ta dawo a guje tana zubar da shi a zaninta. Zaiton ta tallafo kan Inna, Norlida ta sa mata tsinken a baki tana roƙonta ta zuƙa. Ta zuƙa kaɗan, ta ƙara. Suna gab da juna har goshinsu na neman haɗuwa, amma babu wadda ta dubi 'yar'uwarta. Da idon Inna ya ɗan washe, Rosdi ya sungume ta zuwa mota.

A asibiti aka sa mata ruwan sukari ta jijiya, aka ɗebi jini. Masallatai na kiran sallar Juma'a lokacin da likitar ta fito ta same su a baranda. Dakta Koh ce, 'yar siririya, da alama tun safe ba ta zauna ba, kuma ba ta da niyyar lallashin kowa. Ta tambayi wanda ke ba tsohuwar magani. Norlida ta ce ita ce, ta zayyana komai dalla-dalla, da ƙaramin kofin shinkafa, da rabin ƙwayar. Har a lokacin tana sa ran a ce wani abu daban ne ya jawo.

"Wa ya ce ki ƙara mata maganinki, Malama?"

"Likitana ya ce kada a bar shi ya hau."

"Likitanki ke ya gaya wa."

Norlida ta ce ai ciwon ɗaya ne. Dakta Koh ta ce ciwon ɗaya ne, masu shi ne ba ɗaya ba. Ta ce akwai masu ciki a hawa na sama, in ɗayarsu ta wayi gari da shida faɗa za ta sha, saboda ɗan da ke cikinta. Norlida in ta wayi gari da shida, madalla. Inna kuwa in ta wayi gari da takwas, ita likita ko a jikinta. Huɗun nan da ake ɗauka a hoto, shi ne ke ba ta tsoro.

"Ke ana matsa miki ne don idonki da ƙodarki su kai ki shekara talatin nan gaba," in ji ta. "Ita ƙodar ta riga ta gaji, magani ya shiga ba ya fita da wuri. Abin da muke tsare mata shi ne kada ta faɗi a banɗaki, kada ta kwanta barci ta zarce. A gwajin wata uku, bakwai da rabi zuwa takwas ya ishe ta."

Norlida ta kawo maganar taran da ta gani ranar Sallah. Likita ta tambaya da safe ne ko bayan cin abinci. Zaiton, da ke jiran wannan dama tun Sallah, ta yi caraf ta ce bayan Inna ta tashi da farantin shinkafa da kaza ne. Likita ta ce to ba ta ga abin ɗauke mutum daga gida ba. Zaiton ta fara gyara tsayuwa, sai likitar ta juyo kanta ta ce akok guda ɗaya ba laifi, amma kwali guda ba kyautar da za a kai wa mai suga ba ce. Ta ce za a riƙe Inna kwana biyu har maganin ya bar jikinta, a sauya mata wani, sannan su san wanda zai tafi da ita. Ta wuce abinta.

Likita na shan kwana Rosdi ya fashe. Ya ce garin neman gira ta kusa rasa musu ido. Ya ce duk safiya tana tura hoto ana yi mata tafi, ashe hoton yunwar uwarsu take turawa. Norlida ta ce lokacin da ƙafar Baba ke wari yana ina? Yana kan hanyar Kuantan da kifinsa. Ita ta wanke, ita ta naɗe, ita ta sa hannu aka yanke. Zaiton ta ce an ji, an gode, amma wannan ba dalili ba ne na yanke wa mai rai abinci. Sai da wata nas ta leƙo ta ce in kasuwa suke nema ba nan ba ce, sannan suka yi shiru, kowa na huci.

Norlida ba ta saduda ba. Ta yi kuskure, ta yarda a ranta, amma kuskuren lissafi ne, kuma kuskuren lissafi gyara shi ake yi. An ba ta sabuwar lamba, za ta riƙe ta fiye da yadda Zaiton za ta iya. Da aka ce mutum ɗaya ya shiga, ta ture Rosdi da kafaɗa ta shige.

Inna na kwance, ta ƙanƙance a cikin rigar asibiti, amma idonta ya dawo nata. Norlida ta ja kujera ta zauna, ta kama hannun da babu allura. Ta yi mata bayani a tsanake: za ta ƙara shinkafa, za ta sayo madara, ba za ta sake ba ta ƙwayarta ba. Har akok za ta riƙa ci ranar Juma'a, guda ɗaya. Inna na saurare.

"Yau ne kika fara jin rawar jikin nan, Inna?"

"Ya daɗe. Kusan kullum da hantsi."

"Shi ne ba ki gaya min ba?"

"Na san maganinsa ai. Cokalin sukari ne." Ta ɗan nisa. "Amma ran da abin naki ya nuna huɗu, kina zama ki ci abinci da ni, har ki ba ni labarin makaranta. Ran da ya nuna bakwai, tsaye kike cin naki a kicin. Sai na ga gara huɗun."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe Norlida. Ta so a ce zagi Inna ta yi, da ta san yadda za ta amsa.

"Zan gyara, Inna. Ki ba ni wata ɗaya ki gani."

Tsohuwar ta juya hannunta ta riƙe na 'yarta, ta matsa da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Na san babu mai sona kamarki, Lida. Zaiton ma ba ta kai ki ba, wani lokacin har tsaki take min." Ta lumshe ido. "Amma a wurinta ina ƙoshi. Ki sa a haɗa min kayana."

Norlida ta zauna har numfashin Inna ya daidaita, sannan ta zare hannunta a hankali ta fito. Rosdi ya miƙe daga benci ya tambaye ta me Inna ta ce. Ta gaya masa, ba ta rage ko kalma ba, domin ko a yau ba ta iya ƙarya ba. Ta ce za ta je gida ta haɗa kayan.

"Ki huta, Yaya," in ji Zaiton. "Na san nata da ba nata ba."

Ta miƙo hannu, ba na gaisuwa ba. Norlida ta dubi tafin hannun na ɗan lokaci, sannan ta buɗe jaka, ta laluba ƙarƙashin na'urar gwaji, ta ciro makullin gidan ta ajiye mata a ciki.