Rubutun Gefen Shafi

Tun da na gama sakandare nake aiki a shagon ɗinkin littattafai. Ba ni da yawan magana. Abokin aikina kuwa Rediyo ake ce masa, kuma batirinsa ba ya ƙarewa.

Ranar Talata wata malama ta kawo tsohon littafin labari na marigayi mahaifinta, a sake masa bango. Na ɗinke, na manna. Sai hannuna ya yi abin da ya saba, na sa shi a injin yanka na daidaita gefe. Da na buɗe na ga ashe marigayin ya cika gefen shafuka da rubutun hannunsa. Wuƙa ta kwashe rabi.

Oga ya taɓa korar mutum kan abin da bai kai wannan ba.

Na zauna a kan kwali. Rediyo ya leƙo.

"Kurma, wa ya mutu?"

Na nuna masa. Ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar. Ya zazzage kwandon sharar da yankakkun gefen shafukan suka zuba a ciki a kan tebur.

"Tare aka yanke su, tare suka faɗo. Nemo."

Muka same su, sirara, yawanci a jere. Yana karanta rabin kalma da ƙarfi, ina nemo ɗaya rabin, muna liƙawa. Ko abincin rana bai ci ba, shi da ba ya yafe wa kwano.

Da yamma malama ta zo, Oga na tsaye. Na buɗe baki, Rediyo ya riga ni.

"Malama, mun yi ɓarna. Mu biyu."

"Ni ne," na ce.

"Kin ji shi ko? Shekara guda bai ce uffan ba, yau ya buɗe baki da ƙarya."

Ta daɗe tana juya shafuka, tana bin liƙin da yatsa.

"Ba abin da ya ɓata?"

"Na shafi biyu," na ce, na nuna mata. "Mun nema."

Ta duba. "Waɗannan na haddace su tun ina yarinya." Ta sa littafin a jaka.

Oga ya harare mu. "Daga yau kada wanda ya sake yanka gefe bai buɗe littafi ba. Ku kwashe min sharar nan."

Rediyo ya miƙo min tsintsiya.

"Wannan kam kai kaɗai ne."