Kwana Goma Sha Ɗaya Babu Albarka

Euclides ya tsaya a karo na huɗu, ya sunkuya kamar igiyar takalminsa ce ta kwance. Ba ta kwance ba. Iska ce ta ƙi shiga ƙirjinsa. Shekararsa bakwai a Quito, kullum yana hango dutsen Pichincha ta tagar ɗakin gadin da yake wuni a ciki yana buɗe wa motocin mutane ƙofa, amma bai taɓa taka shi ba sai yau. Baƙo ne a ƙasar nan, mutumin Maracaibo, garin da babu tudun da ya wuce gadar mota.

Can gaba, 'yarsa Yorgelis tana ratsa doguwar ciyawa da jaka a baya, shinkafa kilo goma sha biyu a ciki. Haka suke yi duk Lahadi, ita da 'yan ƙasarsu biyar. Horar da ƙafafu suke yi, don ranar ashirin ga wata za su kama hanyar arewa, su ratsa dajin Darién a ƙasa, su je neman rayuwa a wata ƙasar. Shi kuwa ya biyo su ne don ya ga ta gaji, ya samu abin faɗa.

"Malam Euclides, takalmin nan naka da son kwancewa yake," in ji Maigualida, maƙwabciyarsu mai tuyar wainar masara, wadda ita ma tana cikin masu tafiyar.

"Kallon gari nake yi."

"Garin yana bayanka, ai."

Ta wuce shi tana dariya, jakarta na rawa a kan ƙugu.

Tun tana koyon magana, Yorgelis ba ta fita ba ta shigowa sai ta ce, "Albarka, Baba," shi kuma ya ce Allah ya yi mata albarka. Haka kowa ya tashi a can gida. Amma tun ranar da ta gaya masa zancen tafiyar ya kulle bakinsa. Kullum da safe sai ta faɗa, kullum sai ya mai da kansa ga kofin gahawa. Yau kwana goma sha ɗaya. Ba shi da ƙarfin riƙe mace mai shekara ashirin da biyu. Wannan kaɗai ya rage masa.

Wajen sha biyun rana gajimare ya sauko musu. Ciyawa ta ƙare, hanya ta tsuke ta manne da jikin dutse, hagu bango, dama kwazazzabo wanda ba a ganin ƙarshensa. A nan ƙafafun Euclides suka ce sun gama. Kansa yana sara kamar ana daka a ciki. Ya zauna ya jingina da dutsen, ya yi amai a gefe. Ya duba sama, fari fat. Ya duba inda ya fito, nan ma fari fat. Rigar sanyin gadinsa ta jiƙe ta yi nauyi.

Maigualida ce ta fara dawowa. Ta tsugunna, ta buɗe gora ta miƙa masa ruwan mazarƙwaila mai ɗumi.

"Sha a hankali. Ciwon tsauni ne, ba mutuwa ba. Mutuwa ba ta hawa nan, ita ma haki take yi." Ta jira ya kurɓa. "Ka dai ci nasara, maƙwabci."

"Nasarar me?"

"'Yar taka ba ta gaya maka ba? Shekaranjiya ta ce mana in ba ka sa mata albarka ba, mu cire sunanta. Na ce mata ni uwata ta waya ta sa mini, layin ma yana yankewa. Ta ce ita ba za ta shiga daji da shirun ubanta a bayanta ba."

Ta miƙe, ta ƙwala wa Yorgelis kira, ta bi sauran zuwa ƙoli.

Euclides ya jira farin ciki ya zo. Abin da ya zo masa shi ne Yorgelis a cikin bas da kwalin alewa, tana maimaita jawabin da fasinjoji suka riga suka haddace, su kuma suna kallon taga. Shekara huɗu ke nan. Takardarta ta koyon aikin jinya tana ƙarƙashin katifa, babu hatimin da zai sa a karɓe ta a nan. Sai kuma hotunan dajin da ake turowa a waya suka zo: laka har gwiwa, kogin da yake cika cikin awa ɗaya, tanti da aka bari da mutum a ciki. Ashe duk kwanakin nan mabuɗin yana hannunsa. Har a kan dutse ma gadin ƙofa ya biyo shi.

Yorgelis ta fito daga cikin gajimaren, ko haki ba ta yi.

"Baba, leɓenka ya yi shuɗi."

"Haka aka haife ni."

"Miƙo jakar."

Ta rataya tasa a ƙirji, tata a baya. Ta ce ya dafa kafaɗarta da hannu ɗaya, ɗayan a jikin dutse, kada ya kalli dama. Suka fara sauka taku ɗaya-ɗaya. Shekara bakwai da suka wuce, a hanyar Colombia, shi ya ɗauki jakunkuna biyu, ita tana kuka a bayansa da ƙafa duk kumburi.

"Ba ki kai ƙoli ba saboda ni," in ji shi.

"Na kai sau tara. Dutse ne da sanyi, babu abin gani."

"Maigualida ta gaya mini."

Kafaɗarta ta ɗan motsa a ƙarƙashin hannunsa. "Bakin matar nan ya fi kaskonta zafi."

"Da gaske za ki zauna?"

"Zan zauna."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Baba. Sa ƙafarka nan."

A haka suka fita daga gajimaren. Ciyawa ta dawo, garin ya bayyana a ƙasa, dogo, matse tsakanin duwatsu. Ta zaunar da shi, ta sauke jakunkunan, ta cire takalmi ɗaya don ta zazzage tsakuwa. Nan ya ga safarta da jini a wajen babban yatsa.

"Takalman nan sun yi miki kaɗan."

"Lambata ce."

"Lambarki ta gari. Kwana uku a hanya, ƙafa kumbura take yi. Ki nemo mai lamba ɗaya a sama. Da safa uku, ki ƙulle biyu a leda."

Ta tsaya da takalmin a hannu, ba ta ɗago kai ba. Iska ta kwantar da ciyawa ta sake tayar da ita.

"Albarka, Baba," ta ce a hankali.

Ya ja numfashi. Iskar ba ta da yawa, amma ta ishi kalma biyar.

"Allah ya yi miki albarka."

Ta mai da takalmin, ta ɗaure igiya. Ya miƙa hannu zai ɗauki jakar shinkafar, ya kasa raba ta da ƙasa. Ta karɓa ta saɓa, ta shige gaba, ya bi bayanta.