Dankalin Gidan Mutuwa

Allurar na shiga tsokar hannunta, Marlys Tollefson ta cije leɓe, ta ƙi ko motsawa. Na'urar da ke gefen gadon ta fara ƙara, kamar an fasa ƙwai a cikin mai.

"Ki saki jikinki, Misis Tollefson," in ji likitan.

"Kai ka taɓa sakin jiki ana caka maka allura?"

Likitan ya yi mata murmushin nan da ake koya musu a makaranta, ya zare allurar, ya sake caka ta a wani wurin.

Tun kaka babban yatsanta na dama ya fara yi mata gardama. Murfin kwalba ya gagare ta, maɓallin riga ya zama aiki, tsokar tafin hannun tana harbawa ita kaɗai. Ba sai an gaya mata abin da ake nema da allurar nan ba. Ta ga ciwon da idonta a jikin maƙwabcinta Orville Kvale, ƙaton manomi, ya ƙwace masa ƙafa, ya ƙwace hannu da murya, ya bar masa ido kawai kafin ya tafi da shi. Tsoro ne fal cikinta, amma ta rantse ba mai ganinsa a fuskarta.

Da aka gama, likitan ya jawo kujera ya zauna, ya harɗe yatsu. Ya ce akwai alamun da ba su yi masa daɗi ba. Ya ce kuma tana yiwuwa wata jijiya ce kawai ta matse a wuyanta. Ba zai ce shi ne ba, ba zai ce ba shi ba ne. Ta dawo in bazara ta shigo a sake gwadawa.

"Wato duk wannan caka da ka yi mini, ka gano cewa ba ka sani ba."

"Irin wannan ciwon lokaci ne ke nuna shi."

"Ai da lokacin na zo gani, da ya fi."

Ƙanenta Duane na jiranta a waje cikin a-kori-kurarsa, yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a ƙasan mota. Shi kaɗai ta gaya wa, shi ma don ba ta amince da hannun a kan sitiyari ba ne.

"Me suka ce?"

"Sun ce ƙanena ƙazami ne. Ja mota."

Hanyar komawa garinsu miƙaƙƙiya ce, gonakin masara hagu da dama duk ƙanƙara ta rufe su. Duane ya yi ta satar kallon hannunta har ta tura shi cikin aljihu.

"Kin san mijin Lorraine ta cocinmu ma an taɓa cewa yana da shi, ashe ba shi ba ne."

"Mijin Lorraine ya mutu, Duane."

"Ai shi tarakta ce ta danne shi."

"To ka ga na samu sauƙi."

Suna tsayawa a ƙofar gida ta hango ta: tasar gilashi a kan matakala, an naɗe ta da tawul. Ta ɗaga tawul ɗin da hannun hagu. Dankali ne da cuku, an gasa shi ya yi ja a sama, har yanzu da ɗuminsa.

Shekara da shekaru Marlys ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma ita ta tsara yadda ake kai abinci gidaje. Mai mura, romon kaza. Mai jego ko wanda aka yi wa tiyata, taliya da nama. Dankali da cuku kuwa sai gidan da aka yi mutuwa, ko gidan da ake jiranta. Kowa a garin ya san wannan, har na goye. Matan nan dai ba za su taɓa kallonka su ce sun ji halin da kake ciki ba, kunya ba za ta bar su ba. Sai su lallaɓo kamar ɓarayi su dire maka tasa su gudu, kai ka karanta hukuncinka a ciki.

"Kai, bakin ganga! Wa ka gaya wa?"

"Na rantse ko kare ban gaya wa ba!"

"Ko sakamako bai fito ba sun gama binne ni. Ɗaga ta ka duba sunan mai ita."

Kowace mace a garin tana manna sunanta a gindin tasarta don a san inda za a mayar. Duane ya ɗaga, ya leƙa.

"Sunanki ne."

Nan take ta gane tasar, har da ɗan tsagin da ke gefe. Ita ce wadda ta kai gidan Orville tun yana da rai, matarsa Ardis ba ta taɓa dawo da ita ba. Babu inda Marlys ba ta yi da Ardis ba a kan tasar nan. Mace ta riƙe tasar mutane shekaru, ai ba tarbiyya.

Ta kai hannun dama za ta karɓa, yatsan ya ƙi kamawa. Ta rungume tasar a ƙirji kamar jariri, ta tsallaka titi, ta buga ƙofar Ardis da ƙafa.

Ardis ta buɗe. Ƙaramar mace ce mai sanyin murya, sanye da tsohuwar rigar sanyin mijinta.

"Sannu da ƙoƙari, Ardis. Kin zaɓa mini waƙar da za a rera a jana'izata ko da saura?"

"Shigo, kina shigar mini da sanyi."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Ran Lahadi na ga kina zuba wa mutane kofi da hagu. Na ga kin fita coci rigarki a buɗe, ke da kike yi wa yara faɗa a kan maɓalli. Yau kuma da sassafe Duane ya ɗauke ki, kin sa takalmin zuwa birni."

"Shi ne kika gasa mini dankalin gawa."

Ardis ta karɓi tasar ta ajiye a kan teburin kicin.

"Kin tuna ranar da kika kawo mini ita?"

"Lokacin da Orville ya kwanta mana."

"Bai kwanta ba. Ranar muka dawo daga gwajin allurar nan. An ce mu jira, ba a sani ba tukuna. Da ƙafarsa ya hau matakala, ya yi tuntuɓe da tasarki."

Marlys ta kalli tasar. Ta tuna ranar sarai. Ta tuna har tana yabon kanta cewa ta riga kowa.

"Na tsane ki ranar," in ji Ardis, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Na so in jefa miki ita ta taga. Orville ya ce a'a, a kawo cokali. Muka zauna nan muna zaginki muna ci, har muka suɗe ta. Tun da aka fara zancen ciwon bai yi dariya ba sai ranar. Shi ya sa na kasa mayar miki."

"Yau kuma ramawa kika yi ke nan."

"Rabinsa ramuwa ce. Zauna."

Marlys ta zauna. Ta daɗe tana kallon teburin, sannan ta zaro hannun daga aljihu ta shimfiɗa shi a gaban Ardis. Tsokar tana ta harbawa, ba ta ɓoye ba.

"Haka nasa ya fara?"

Ardis ta duba da kyau, ba ta yi gaggawa ba.

"Nasa daga ƙafa ya fara. Ban sani ba, Marlys. Ni ma ban sani ba."

"Tsoro nake ji, Ardis."

"Na sani. Har bazara za ki ji shi. Gara ki ji shi da abinci a ciki."

Ta zuba mata a faranti, ta ɗauko cokali mai yatsu ta ajiye mata a gefen hagu. Marlys ta kalli cokalin, ta kalli Ardis. Ta ɗauka da hagun, ta kai loma.

"Gishiri bai ji ba."

"Yadda kika koya mana na yi."

"Ƙarya kike yi." Ta sake kai wata lomar. "In zan koma asibiti, ke za ki kai ni. Motar Duane bola ce."

"To. In wanke miki tasar ki tafi da ita?"

"Bar ta a nan. Ban ce na gama ba."